Tsadar rayuwa da saɓanin masana tattalin arziki: tambayoyi da amsoshi daga Sakkwato

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, hirar tattalin arziki ta baro aji ta koma teburin mai shayi da tashar 'yan kabu-kabu. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne su ma masu digirin ba bakinsu ɗaya ba: wannan ya fito rediyo ya ce an ceto ƙasa, wancan ya ce an kashe talaka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da 'yan kasuwa suka fi yi mini a nan Sakkwato. Inda nake da ra'ayi zan faɗe shi a matsayin ra'ayi.

Malam, ilimin ɗaya ne, me ya hana masanan magana da yawu ɗaya?

Domin babu yadda za a raba Najeriya biyu, a cire tallafi a rabi a bar shi a rabi, sannan a auna. Kullum abubuwa da yawa ke faruwa tare: an cire tallafi, an saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, an rufe bodar Nijar, 'yan bindiga sun hana noma, duk cikin shekara guda. Kowane masani sai ya ɗauki wanda ya dace da karatunsa ya ce shi ne ummul'aba'isi.

Sannan akwai abin da lissafi ba ya yankewa, wato wa zai sha wahalar gyara, kuma har tsawon yaushe. Wanda albashinsa ke shiga da dala da wanda ke sayen gero mudu-mudu ba za su fahimci "a yi haƙuri shekara biyu" iri ɗaya ba.

Su wane ne manyan ɓangarorin?

Na farko masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta. Kakansu shi ne Adam Smith na ƙasar Birtaniya, wanda a littafinsa na 1776 ya ce ba don ƙaunarka mahauci da mai burodi ke ciyar da kai ba, neman nasu suke yi, amma a neman nasun kowa ya samu. A wurinsu farashi saƙo ne: albasa ta yi tsada bana, baɗi manoma su ƙara shuka ta ba tare da wani ofishi ya umarce su ba. Friedrich Hayek ya ƙara da cewa babu wata ma'aikata da za ta iya tattara abin da miliyoyin masu saye da sayarwa suka sani. Milton Friedman na Jami'ar Shikago kuma ya dage cewa hauhawar farashi, a ko'ina kuma a kowane lokaci, daga yawan kuɗi take zuwa.

Na biyu almajiran John Maynard Keynes. Bayan kasuwar hannun jarin Amurka ta faɗi a 1929, aka wayi gari kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki a can ba shi da abin yi. Masana'antu na nan, ma'aikata na nan, masu saye ne babu. Keynes ya rubuta a 1936 cewa a irin wannan hali kasuwa na iya kwanciya ta ƙi tashi, sai gwamnati ta ci bashi ta yi ayyuka, kuɗi su shiga hannun jama'a. Ga masu cewa komai zai daidaita da kansa nan gaba, amsarsa ita ce kafin gaban ta zo duk mun mutu.

Na uku Karl Marx da masu ra'ayin gurguzu, waɗanda tambayarsu ita ce wa ke da jarin, wa ke yin gumin. Tsarin da aka gina da sunansa a Tarayyar Sobiyet ya rushe a 1991, amma tambayar ba ta rushe ba.

Na huɗu, kuma su ne suka fi shafar mu, masanan ƙasashe masu tasowa irin Raúl Prebisch na Ajantina. Shi da Hans Singer, kowa ta hanyarsa, sun nuna wajajen 1950 cewa mai sayar da ɗanyen kaya kullum baya yake yi idan aka gwada shi da mai sayar da kayan masana'anta. Basakkwace ba ya bukatar dogon bayani a nan. Fatar jar akuyarmu ta daɗe tana tsallaka Sahara, Turawa na kiran ta fatar Maroko. Har yau takan fita da araha, ta dawo takalmi da jaka da farashin da mai akuyar ba zai iya biya ba.

Cire tallafin mai: wace mazhaba ce ta kawo shi, kuma daidai ne?

Shawarar masu bin kasuwa ce, ita ce kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya suka yi shekaru suna maimaitawa. Hujjarsu ba ta banza ba ce. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, mafi yawan amfaninsa kuma yana zuwa ga masu motoci da manyan janareto. Mu da ke kusa da Illela mun ga wata fuskar da mutanen Legas ba su gani ba: muddin lita ta fi araha a wannan gefen, jarkoki za su ci gaba da bin hanyoyin daji zuwa Birnin Ƙonni, kwastam nawa aka jibge kuwa. Baitulmalin Najeriya ya riƙa sauƙaƙa wa direban wata ƙasa mai. A kan wannan, Hayek ya fi kowa gaskiya.

Inda nake rabuwa da su shi ne tsari da lokaci. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, makonni biyu bayan haka aka saki naira, dala ta bar wajajen 460 ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Duka biyun a kan mutum ɗaya suka faɗa. A jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 kusan mutum tara cikin goma na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, wadda ita ce kan gaba a duk ƙasar, babu wani abin ajiya da za a jingina da shi kafin gyaran ya nuna. Ɗan Keynes zai ce a fara shirya motocin haya masu sauƙi da tallafin kuɗi kai tsaye ga gidaje, sannan a cire a hankali. Mai bin kasuwa zai amsa cewa "a hankali" ne ya sa aka kasa tun 2012, lokacin da zanga-zanga ta tilasta wa Goodluck Jonathan ja da baya. Shi ma yana da tasa gaskiyar.

Tambayar da ta rage ba ta Smith ba ce ba ta Keynes ba ce: kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cirewar. Mai sayen mai da tsada yana da haƙƙin ya ga kuɗin a asibitin garinsu.

Babban Banki ya yi ta ƙara kuɗin ruwa a 2024. Wannan zai saukar da farashin gero a kasuwar Achida?

Kai tsaye dai, a'a. Dabarar ita ce idan bashi ya yi tsada, kamfanoni da magidanta za su rage ci, saye ya ragu, farashi ya lafa. Ta yi aiki a Amurka lokacin Paul Volcker, wanda ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20 cikin 100 a farkon shekarun 1980, ta sake aiki bayan hauhawar farashinsu ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022. Amma a can kusan kowa da bashin gida ko na mota a wuyansa. A nan manomin Wurno ko Gada bai taɓa cin bashin banki ba, da yawa kuma ba za su ci ba ko an ba su, saboda riba.

A ƙarƙashin Olayemi Cardoso, Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin shekarar 2024, duk da haka hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. Masu ra'ayin Prebisch za su ce ai dama: gero ya yi tsada ne domin a Isa da Sabon Birni da wasu sassan Rabah da Goronyo manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wasu ƙauyukan ma an watse. Taki ya yi tsada tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022. Kuɗin mota ya ninka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jin umarnin banki.

Amma kada a yi saurin watsar da Friedman. Akwai hanya ta bayan gida: kuɗin ruwa mai yawa na jawo masu dala su kawo jarinsu, naira ta daina zubewa, kuma idan naira ta tsaya, taki da maganin feshi da kayan gyaran mota su daina tashi kullum. Haka kuma ɗan Nijar da ke riƙe da sefa ba zai ga hatsinmu kamar kyauta ya kwashe ba. A ganina rabin ciwon na kuɗi ne, banki na da maganinsa, rabin kuma na gona da hanya da tsaro ne.

To me zai hana gwamnati ta buga kuɗi ta raba wa mutane?

An riga an yi wani abu mai kama da haka. Bashin da gwamnatin tarayya ta riƙa karɓa daga Babban Banki a zamanin Buhari ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin Majalisar Dattawa ta amince a mai da shi bashin dogon zango a Mayun 2023. Sabon kuɗi ne da babu sabon buhu a bayansa. Akwai wasu masana na zamani a Amurka da ke cewa ƙasar da ke buga kuɗinta ba ta tsiyacewa, amma su ma sun yarda iyakar abin ita ce hauhawar farashi, kuma dala suke magana a kai, wadda duniya ke rububi. Zimbabuwe ta gwada da nata kuɗin har ta buga takardar tiriliyan 100.

Rufe boda don kare manomanmu dabara ce ko cuta?

Nan ne gardamar ta fi zafi, kuma mun ɗanɗana ta sau biyu cikin shekara biyar. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafa, sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu na farko, Illela na ciki. A 2023 aka sake rufewa saboda juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, har zuwa Maris na 2024.

David Ricardo ya koyar a 1817 cewa ƙasashe biyu duk suna cin riba idan kowa ya riƙe abin da ya fi iyawa suka yi musaya. Tsakaninmu da Nijar haka abin yake tun kafin a ja layin boda: dabbobi da wake su gangaro, hatsi da kayan masana'anta su haura, albasa ta bi ta nan ta kai Ghana. Da aka rufe, albasa ta ruɓe a cikin motoci, dillalai da 'yan dako suka zauna, shinkafar waje kuma ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta canza, farashi ya ƙaru da kuɗin cin hanci.

Sai dai masu kariya na da tarihi a bayansu. Friedrich List na Jamus ya ce a 1841 Ingila ta hau sama da tsanin kariya sannan ta ture tsanin. Koriya ta Kudu ba da buɗaɗɗiyar kasuwa ta gina masana'antar mota da ta jiragen ruwa ba. Yau Amurka da kanta, wadda ta daɗe tana yi wa duniya wa'azin ciniki maras shinge, ta ware sama da dala biliyan 50 a 2022 don tallafa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urori a gida, a Afrilun 2025 kuma Donald Trump ya lafta kuɗin fito a kan kayan kusan kowace ƙasa. A gida ma, manufar da aka fara a 2002 ta tilasta wa masu shigo da siminti su kafa masana'anta ta mai da Najeriya mai dogaro da kanta, ga masana'antar Kalambaina nan ta faɗaɗa. Ko siminti ya yi araha ga mai gini, wannan wata magana ce, domin kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar.

Abin da ya bambanta Koriya da mu shi ne sharaɗi. Can kamfanin da aka kare, idan bai iya sayar da kayansa a kasuwar duniya ba, janye masa tallafin ake yi. Shirin bai wa manoman shinkafa bashi da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya haɓaka noma da injinan casa, ba a musu, amma kaso mai yawa na bashin bai dawo ba, wasu ma rabon ganima suka ɗauke shi. Kariyar da ba ta da wa'adi ba ta da hisabi, mai sayen mudu ne ke biyan ta.

Me ya sa gwamnati ba za ta ƙayyade farashin abinci ba kawai?

Dattawa sun tuna 1984, lokacin da sojoji suka riƙa fasa shaguna suna sayar da kaya a farashin gwamnati. Kwana kaɗan madara da sukari da sabulu suka ɓace daga kanti, aka koma dogon layi da kasuwar bayan fage. Wannan shi ne abin da masu bin kasuwa ke hasashe kowane lokaci, kuma kusan kowane lokaci haka yake faruwa.

Abin sha'awa, malaman Musulunci sun rigaye su tattauna batun. Hadisin Anas ya zo cewa farashi ya tashi a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade, ya ƙi, ya ce Allah ne Mai sanya farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Amma shi ne kuma ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Daga nan ne Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka ce idan tsadar daga ƙarancin kaya ce, a bar ta, idan kuwa wasu 'yan tsiraru ne suka haɗa baki, hukuma na iya sa hannu. Aikin shi ne gane wace ce a gabanka. Ba duk mai rumbu ne maɓoyi ba. Wanda ya sayi gero da kaka ya ajiye zuwa bazara, shi ne ya sa ake samun sa a bazarar. Hanya mafi tsabta ita ce gwamnati ta yi nata rumbun, ta saya lokacin araha ta fitar lokacin tsanani.

Shin tattalin arzikin Musulunci mazhaba ce mai zaman kanta? Magabatanmu na da abin cewa?

Yana yarda da mallaka da ciniki da riba ta halal, ya hana ribar bashi da caca da cinikin da ke da ruɗu, ya ɗora wa dukiya haƙƙi: kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, ɗaya bisa goma na amfanin gonar damina, rabin haka ga wadda aka yi wa ban ruwa da wahala. A aikace muna da bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiharmu. Masu suka na cewa yawancin cinikin bankunan nan murabaha ce, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka bashi da ƙarin riba, wadda a lissafi ba ta da nisa da bashin banki, alhali ainihin ruhin abin shi ne a haɗa jari a raba riba da asara. Ina ganin sukar na da tushe.

Ibn Khaldun ya rubuta a 1377 cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu, ya kuma gargaɗi sarki kada ya shiga kasuwanci yana gogayya da talakawansa. Masu bin kasuwa na son wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata a kasuwa ba bisa shari'a ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa, ya ɗora wa shugaba nauyin raya masu sana'a, manoma da maƙera da marina da maɗinka, ya tabbatar kowane gari na da su, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Wannan kuwa abin da yau ake kira manufar raya masana'antu ne. Duk ɓangaren da ya ce magabatan nasa ne shi kaɗai, rabin shafin ya karanta.

IMF abokin gaba ne?

An kafa shi tare da Bankin Duniya a 1944, Keynes ma na cikin waɗanda suka zana shi, ƙasa kuma ba ta zuwa ƙofarsa sai ta riga ta shiga uku. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara, jama'a suka ƙi bashin, a 1986 ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda kusan duk sharuɗɗan IMF ɗin ne ba tare da kuɗin ba. An rushe hukumomin sayen amfanin gona da suka daɗe suna tauye manomi, wannan alheri ne. An kuma karya naira, aka tsuke kuɗin makarantu da asibitoci, masana'antun da ke dogaro da kayan waje suka fara durƙushewa, aka yi tarzoma a 1989. Laifin asusun shi ne rubuta wa ƙasashe daban-daban magani iri ɗaya. Amma ba shi ya cinye kuɗin man shekarun 1970 ba.

Sauyin yanayi fa? Kasuwa na da maganinsa?

Nan ko masu bin kasuwa sun yarda tana da makanta, domin mai fitar da hayaƙi ba shi ke biyan ɓarnar ba. Arthur Pigou ya ba da shawara tun 1920 a sa wa mai ɓarna haraji daidai ɓarnarsa. Wasu kuma na cewa gwamnati ta zuba jari kai tsaye, kamar yadda Sin ta yi har faifan hasken rana ya yi araha a duniya. Mun ga dabarun biyu sun haɗu a fadamunmu: mai ya yi tsada, faifan Sin ya yi sauƙi, masu noman rani suka fara komawa injin ban ruwa mai amfani da rana. Amma tsadar gas ɗin girki kuma ta mai da gidaje kan itace da gawayi, a jihar da ke cikin goma sha ɗaya da hamada ke yi wa barazana.

'Yan bin Prebisch za su tuna mana cewa Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a 2009 kuma ba ta cika a wa'adin 2020 ba. Akwai kuma Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009 don nuna cewa al'umma kan iya kula da kiwo da ruwa da daji da dokokinta, ba sai gwamnati ko ɗan kasuwa ba. Wanda ya san yadda Sarkin Ruwa ke tsare kogin Matan Fada a Argungu, ko yadda ake girmama burtali a da, ya san abin da take nufi.

Ƙarin albashi na rage raɗaɗi ko ƙara tsada yake yi?

Ya danganta da girman ƙarin da yawan kayan da ke kasuwa. Bayan ƙarin albashin ma'aikata na Udoji na 1974, da aka biya har da ariyas, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 1975. Binciken David Card da Alan Krueger a Amurka a 1994 kuma ya nuna ƙari madaidaici bai kori ma'aikata ba, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa. A Sakkwato mafi yawan jama'a ba ma'aikatan albashi ba ne, saboda haka ƙarin na isa gare su ne ta aljihun ɗan'uwa da cinikin kasuwa, tsadar kuwa kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Idan aka juya su dala a farashin lokacinsu, na farkon ya haura dala 80, na biyun bai kai 50 ba.